Ido Ba Mudu Ba Ne: Lokaci Ya Yi da Masu Zane Za Su Daina Kintacen Tsawon Layi Mai Lanƙwasa

Mai shago ya turo wa matashin mai zane sunan shagonsa ta WhatsApp, yana son a rubuta shi da fitilar nan mai lanƙwasuwa da ake kira niyon, a kafa a bango. Matashin ya zauna da wayarsa, cikin rabin awa ya fitar da zane mai kyau, mai shago ya gani ya yaba. Sai wanda zai haɗa fitilar ya jefo tambayarsa: mita nawa za a sayo? A nan ne masu zane da yawa ke yin ɗan shiru, su ƙura wa fuskar waya ido, sannan su ambaci lambar da ta fara zuwa bakinsu.

Idan lambar ta gaza, aiki ya tsaya ana jiran a koma kasuwa, kuma ba lallai ne a sake samun launin da ya yi daidai da na farko ba. Idan ta yi yawa, mai shago ya biya kuɗin abin da ba a kafa masa ba, ranar da ya gane kuwa ya daina kawo aiki. Haka lamarin yake ga mai walda da zai lanƙwasa ƙarfen ado a jikin ƙofa, da tela da zai bi wuyan riga da igiyar ado, da mai injin yankan roba ko katako wanda kuɗinsa ya dogara da tsawon lokacin da injin zai yi yana bin layi.

Wannan kintace ya kamata ya ƙare. Duk wanda ke karɓar kuɗin mutane da sunan zane, wajibi ne ya san yadda ake auna tsawon layi mai lanƙwasa a manhajar zane, ya kuma san wuraren da lambar da manhajar ta bayar za ta iya kai shi ta baro. Abin ba ya buƙatar digiri a lissafi, kuma ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi iya shi kyauta ce.

Akwatin da ya kewaye zane

Kusan kowace manhajar zane, ta waya ko ta kwamfuta, tana nuna lambobi biyu idan aka taɓa abu: faɗinsa da tsayinsa. Waɗannan lambobi girman akwatin da ya kewaye zanen suke faɗa, wato filin da zai ci a bango ko a jikin riga. Hanyar da layin ya bi a cikin akwatin ba ta cikin lissafinsu.

Misali mafi sauƙi shi ne bakan da ake yi a saman ƙofa. Idan faɗin ƙofar mita 1 ne, kuma bakan rabin da'ira ne, ƙarfen da zai zagaya shi mita 1.57 ne. Wanda ya dubi faɗin kawai ya sayo mita ɗaya da ɗan ƙari, zai ga ƙarfen ya ƙare tun bai kai ɗaya ɓangaren ba. Wannan ma siffa ce mai ƙa'ida, wadda ɗan sakandare zai lissafa da biro. Rubutun hannu mai haɗe-haɗe, ko ganye da furen da ake zubawa a gaban riga, ko rubutun Larabci mai jan wutsiya, ba su da wata ƙa'ida da aka koyar a aji. Zane biyu za su iya zama cikin akwati mai girma ɗaya, amma layin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku saboda yawan kai-komon da ya yi.

Me ya sa sai zanen bekta?

Hoton da kyamarar waya ta ɗauka tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. A cikin fayil ɗin babu wani abu mai suna layi, idon mutum ne ke haɗa ɗigogin ya ga layi. Shi ya sa idan aka buɗa hoton da yatsu biyu sosai sai ya dusashe. Zanen bekta kuwa jerin umarni ne na lissafi: a fara daga wannan wuri, a lanƙwasa ta can, a tsaya a nan. Tunda manhaja ta san ainihin hanyar da layin ya bi, za ta iya faɗin tsawonsa. Manhajoji irin su CorelDRAW, wadda ta mamaye shagunan buga takardu a Najeriya, da Adobe Illustrator, da Inkscape, duk a kan wannan tsari aka gina su.

Lanƙwasar da waɗannan manhajoji ke amfani da ita tana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yaɗa ta a shekarun 1960 wajen tsara jikin mota. Kafin shi da kaɗan, a 1959, Paul de Casteljau ya gano irin wannan lissafi a kamfanin Citroën, sai dai kamfanin ya riƙe aikin a matsayin sirrin kasuwanci. Kowane yanki na lanƙwasar yana rataye ne a kan ɗigo huɗu: ɗaya a farkonsa, ɗaya a ƙarshensa, sauran biyun kuma su ne hannayen nan da mai zane ke ja don layin ya karkata yadda yake so. Dogon zane mai kwana da yawa jerin irin waɗannan yankuna ne da aka ƙulla da juna.

Akwai darasi a cikin wannan tarihi. Waɗanda suka ƙirƙiro lissafin masu ƙera abu ne, mutanen da zanensu zai koma ƙarfe a masana'anta, inda kuskuren awo ke cin kuɗi. Matashin da ya ɗauki kayan aikinsu yana yin ado da shi kawai, bai damu da awo ba, rabin amfanin kayan ya ɗauka.

Yadda manhaja ke yin awon

Irin wannan lanƙwasa mai ɗigo huɗu ba ta da wata gajeriyar dabara guda da za a zuba lambobi a ciki ta fitar da tsawonta daidai, kamar yadda ake yi wa da'ira. Don haka manhajoji kusantar amsar suke yi, da dabarar da ta girmi kwamfuta da shekaru sama da 2,000. Masanin lissafin Girka, Arkimidis, da ya so sanin tsawon kewayen da'ira, sai ya zana siffa mai miƙaƙƙun gefuna a cikinta ya auna gefunan. Siffa mai gefe 6 a cikin da'ira mai faɗin mita 1 tana ba da mita 3 cif. Mai gefe 12 tana ba da kusan 3.106. Shi ya ci gaba da ninkawa har gefe 96, inda amsar ke kaiwa 3.141, dab da ainihin 3.1416.

Manhajar zane tana yin makamancin haka cikin ƙiftawar ido. Tana raba lanƙwasar gida biyu, ta sake raba kowane rabi, ta ci gaba har kowane guntu ya zama kusan miƙaƙƙe, sannan ta tara tsawonsu. Wasu manhajojin suna bin wata hanyar lissafi da ta fi wannan sauri, amma manufar ɗaya ce. Kuskuren da ke saura ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai wanda almakashi ko injin yanka zai ƙara ba. Ko da'irar da ake gani a yawancin manhajojin ma yankuna huɗu ne na wannan lanƙwasa aka haɗa, kuma kaucewarta daga cikakkiyar da'ira bai kai kashi 0.03 cikin ɗari ba.

Mai wayar hannu zai iya ganin dabarar da idonsa a Google Maps. Idan ya danne wani wuri a taswira har alama ta fito, ya zaɓi Measure distance, zai iya bin wata karkatacciyar hanya yana sa ɗigo. Da ɗigo uku zai samu wata lamba. Idan ya sake bin hanyar da ɗigo goma sha biyar, yana shiga kowace kwana, lambar za ta ƙaru. Kowane miƙaƙƙen guntu yanke kwana yake yi, shi ya sa awo mai ƙarancin ɗigo kullum gazawa yake yi.

Inda lambar take ɓoye

Abin takaici shi ne, manhajojin sun iya wannan lissafi amma sun tura shi can ƙuryar ɗaki. Alamar rula da ke cikin kayan aikinsu galibi miƙaƙƙen nisa tsakanin wuri biyu take aunawa, shi ya sa da yawa ke zaton abin ba ya yiwuwa.

A Inkscape, wadda ta fito tun 2003 kuma kowa zai iya sauke ta kyauta, ana zaɓar layin, a shiga Extensions, sai Visualize Path, sai Measure Path. Akwatin da zai buɗe yana ba da damar zaɓar ma'auni, santimita ko milimita ko inci, da yawan lambobin da ake so bayan ɗigo, da kuma sikelin zanen. Manhajar za ta rubuta tsawon a jikin layin, kuma daga wannan akwati ake auna girman filin da rufaffen layi ya kewaye. A Illustrator ana shiga Window, a buɗe Document Info, a zaɓi Objects daga ƙaramin jerin da ke kusurwarsa, sai tsawon layin da aka zaɓa ya bayyana tare da yawan ɗigoginsa. A sababbin fitowar CorelDRAW, tsawon yana cikin bayanan abu da ake buɗewa da Alt da Enter, a sashen Curve.

Sharaɗi ɗaya ya haɗa su duka: rubutu sai an mayar da shi layi kafin a auna. A CorelDRAW ana yin haka da Ctrl da Q, a Illustrator da Create Outlines, a Inkscape da Object to Path. Yana da kyau a ajiye kwafin rubutun na asali kafin a yi, domin bayan an mayar da shi layi ba ya gyaruwa a matsayin rubutu.

Lamba mai kyan gani, amsa mai kuskure

Nan ne haɗarin ya fi yawa. Manhaja za ta nuna 314.159, lamba mai ɗigo da wutsiya, mutum ya ji hankalinsa ya kwanta. Amma ita manhajar abin da aka zaɓa mata ta auna, ba ta san abin da za a yi da shi ba.

Tarko na farko shi ne rashin sanin wane layi ake nufi. A ɗauki harafin O mai kauri, wanda faɗinsa na waje santimita 60 ne, ramin cikinsa kuma 40. Idan aka mayar da shi layi, layuka biyu ne: na waje mai tsawon santimita 188, da na ciki mai 126, jimilla 314. Wannan ita ce lambar da mai injin yanka ke buƙata, domin injinsa zai bi duka biyun. Mai fitilar niyon kuwa igiya ɗaya zai shimfiɗa a tsakiyar harafin, a kan da'ira mai faɗin 50, wato santimita 157. Mai zanen da ya tura masa 314 ya sa an sayi ninki biyu na abin da ake buƙata, kuma zai rantse cewa kwamfuta ce ta ba shi lambar. Aikin fitila, da igiyar ado, da ƙarfen da za a lanƙwasa, duk suna buƙatar a ja sabon layi guda ta tsakiyar siffar a auna shi. Aikin yanka ne ke buƙatar gefuna.

Tarko na biyu shi ne sikeli da ma'auni. Allon da zai kai mita 4 ba kasafai ake zana shi da cikakken girmansa ba, akan rage shi zuwa ɗaya bisa goma. Tsawon da aka samu sai an ninka shi sau 10, girman fili kuwa sau 100, kuma masu zane da yawa na rikita waɗannan biyun. Sannan akwai matsalar da ke tasowa idan fayil ya tashi daga wata manhaja zuwa wata. Illustrator tana lissafin ɗigo 72 a inci ɗaya, burauza da Inkscape ta yanzu suna lissafin 96. Fayil ɗin SVG da aka fitar ba tare da an rubuta girmansa da santimita ko milimita ba zai iya buɗewa da kashi 75 cikin ɗari na girmansa, layin santimita 100 ya koma 75. Ita kanta Inkscape da 90 take aiki kafin fitowar 0.92 a 2017, don haka tsohon fayil zai iya nuna 93.75 a maimakon 100 idan ba a daidaita shi ba lokacin buɗewa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ja miƙaƙƙen layi mai sanannen tsawo, kamar santimita 10, a gefen kowane zane, a rubuta tsawon a kansa. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya fara auna wannan layi. Idan bai ba da 10 ba, sauran lambobin ma ba abin yarda ba ne.

Ga kuma bambancin bakin kasuwa. Mai zane yana aiki da santimita, mai allon talla yana lissafi da taku, ɗan kasuwar Kantin Kwari yana sayarwa da yadi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, yadi ɗaya santimita 91.44. Wanda ya ɗauki yadi a matsayin mita yana rasa kusan santimita 9 a kowane ɗaya, a yadi goma sha biyu ya rasa sama da mita guda.

Tarko na uku shi ne zanen da manhaja ta kwafo da kanta daga hoto. Abokin ciniki ya turo tambarinsa a hoton da WhatsApp ya riga ya matse, mai zane ya sa manhaja ta mayar da shi bekta, kamar yadda Trace Bitmap ke yi a Inkscape. Abin da ke fitowa yakan zama layi mai ɗaruruwan ƙananan haƙora da ido ba ya gani sai an matso da shi sosai, kuma kowane haƙori yana ƙara tsawo. Masana taswira sun daɗe da sanin wannan. Lewis Fry Richardson ya lura cewa Sifaniya ta ba da tsawon iyakarta da Fotugal a matsayin kilomita 987, ita kuma Fotugal ta ce 1,214, alhali iyaka ɗaya ce. Bambancin ya fito ne daga girman ma'aunin da kowa ya bi kwanonin iyakar da shi, kuma a kan wannan lura Benoit Mandelbrot ya gina shahararriyar maƙalarsa ta 1967 game da tsawon gaɓar tekun Birtaniya. Fitila ko ƙarfe ba za su bi waɗannan haƙora ba, don haka awon da ya lissafa su ya zarce gaskiya. Injin yanka kuwa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɓata lokaci ya kuma fitar da gefe mai kaushi. Ana rage su da Simplify, amma mafi inganci shi ne a sake bin zanen da hannu da ƙananan ɗigogi kaɗan. Haka kuma, kwafin da manhaja ta yi wa siririn layi yakan zagaye shi ta gefe biyu, sai tsawon ya ninka.

Tarko na huɗu shi ne jan zane ta gefe ɗaya. Idan aka ƙara girman zane gaba ɗaya sau biyu, tsawon layinsa ma ya ninka sau biyu. Idan faɗin kawai aka ja, lissafin ya canza. Da'ira mai faɗin santimita 50 tana da kewayen 157. A ja faɗinta zuwa 100 a bar tsayinta a 50, kewayen zai zama kusan 242, lambar da ba za a same ta da ninkawa ba. Duk lokacin da abokin ciniki ya ce a ɗan buɗa shi ya cika bangon, awon da aka yi a baya ya tashi aiki.

Na ƙarshe ya shafi masu ɗaukar hoton abu da waya don su bi shi da layi. Hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta ɓangaren da ya yi nisa da kyamara. A ɗauka daga sama kai tsaye, a ɗan ja baya, a kuma ajiye rula ko tef a kusa da abin, a kan shimfiɗa ɗaya da shi, don a samu abin daidaita sikeli.

Hujjojin masu cewa ba dole ba ne

Akwai masu cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma tsofaffin masu sana'a sun yi shekaru suna aiki ba tare da kwamfuta ba. Gaskiya ne, sai dai a duba yadda suke yi. Gogaggen tela da zai auna ramin hannun riga yakan tsayar da tef a kan gefensa ya bi lanƙwasar da shi a hankali. Mai walda yakan shimfiɗa igiya a kan zanen da ya yi da alli a ƙasa, ya miƙe ta ya auna. Waɗannan awo ne na gaske, kuma dabararsu ɗaya da ta manhaja. Kimar da idonsu ya sani ta samu ne bayan sun auna ɗaruruwan ayyuka sun ga sakamako. Matashin da ya fara zane bara, a fuskar waya mai inci shida, bai tara wannan ba tukuna. Igiya kuma tana buƙatar zanen ya kasance a shimfiɗe da cikakken girmansa, alhali farashi ana faɗinsa ne tun aikin yana cikin waya.

Wasu kuma za su ce ai dole a ƙara rara, to mene ne amfanin awo na daidai? Rara dole ce. Fitilar LED galibi tana zuwa a naɗi na mita 5, kuma ba a yanka ta sai a wuraren da aka yi wa alama, don haka kowane harafi yana cin ɗan ƙari. Ƙarfe yana da iyakar kwanar da zai iya yi, igiyar ado tana buƙatar bakin da za a cusa a ɗinke. Amma rarar da aka ɗora a kan sananniyar lamba ita ce ake iya bayyana wa abokin ciniki: layin mita 8.4 ne, naɗi biyu za a saya, ga abin da zai saura. Wanda bai auna ba bai san ko rararsa kaɗan ce ko rabin kuɗin aikin ba ce. Awon yana kuma buɗe wasu lissafan. Idan tazarar ɗinkin injin surfani milimita 2.5 ce, layin mita ɗaya zai ci ɗinki 400, daga nan a san lokacin da zai ɗauka.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashin kwamfuta. Matasa da yawa da waya kaɗai suke aiki, da manhajoji irin su Canva da PixelLab, waɗanda aka gina don haɗa hoto da rubutu na sanarwa da talla. Suna yin wannan aiki da kyau, amma auna tsawon lanƙwasa ba ya cikin abin da aka yi su dominsa. Wannan matsala ce ta gaske, kuma laifin bai tsaya kan matasan ba.

Wayar ta iya, masu manhaja ne ba su damu ba

Lissafin da ake magana a kai bai fi ƙarfin ko da ƙaramar waya ba. Tsarin SVG, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2001, yana da umarni mai suna getTotalLength, kuma burauzar da ke cikin waya, Chrome ce ko Firefox ko Safari, ta san shi. Aikinsa kawai ya dawo da tsawon layi. Fayil ɗin SVG kansa rubutu ne da za a iya buɗewa a karanta. Ma'ana, duk matashin da ya fara koyon JavaScript zai iya haɗa ƙaramin shafi da za a loda masa zane ya faɗi tsawon kowane layi, ya juya shi zuwa santimita, taku ko yadi. Lambar da umarnin ke bayarwa tana cikin ma'aunin fayil ɗin ne, don haka shafin zai buƙaci wancan layin gwaji na santimita 10 don ya daidaita ta.

Masu ƙera manhajojin waya sun ɗauka cewa duk abin da aka zana a waya a fuskar waya zai ƙare, a matsayin hoton da za a ɗora a Instagram ko a tura a WhatsApp. A garuruwan da waya ita ce kwamfutar farko kuma ta ƙarshe ga mai sana'a, zanen yana komawa allo, ƙofa, hula da riga. Matasan da ke koyon haɗa manhaja suna neman abin da za su gina wanda mutane za su yi amfani da shi da gaske, ga shi nan a gabansu, kuma da Hausa za a iya yin sa.

Kafin a samu hakan, mai aiki da waya yana da mafita. Zai iya yin zanen a manhajar da ke fitar da SVG ko PDF na bekta, ya je shagon da za a buga ko a yanka aikin, ya nemi a buɗe a auna a gabansa kafin ya yanke farashi. Minti biyar ne. Idan hakan bai samu ba, ya buga zanen a takarda da sanannen sikeli, ya bi layin da zare marar talewa, ya miƙe shi a kan rula, ya ninka. Wannan ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata ya zama al'ada

Mai zanen da ke son a ɗauke shi da muhimmanci ya riƙa tura lambobi tare da zanensa: faɗi da tsayi, tsawon layin tsakiya idan aikin fitila ne ko igiya, tsawon gefuna idan na yanka ne, da ma'aunin da aka yi amfani da shi a rubuce ƙarara. Ya sa layin gwaji a cikin fayil. Ya sake awo duk lokacin da aka taɓa girman zanen. Bayan an gama aiki kuma ya tambayi wanda ya haɗa nawa aka ci a zahiri, ya rubuta kusa da lambar da ya bayar. Bayan ayyuka goma zai san rarar da kowane irin aiki ke buƙata, kuma daga nan ne idonsa zai fara sanin kimar da ake faɗa.

Masu ba da aiki su ma suna da rawar takawa. Wanda zai biya kuɗin allo ko ƙofa yana da haƙƙin ya tambayi mita nawa ne, da kuma yadda aka samo lambar. Masu iya haɗa launi da zaɓen haruffa sun yi yawa a yanzu, manhajoji sun sauƙaƙa wannan ga kowa. Wanda zai faɗi mita 8.4, a je a kafa a tarar haka ne, shi za a sake kira idan wani aikin ya taso.